Askar Gidanmu

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma duk wanda ya san Dutse ya san abin da hakan yake nufi. Duwatsun da suka kewaye garin suna shan rana tun hantsi, in la'asar ta yi sai su fara amayar da ita a kanmu. Ranar nan da azahar wuta ta ɗauke, na fito daga ɗakin bincike ina ta yi wa ɗalibaina faɗa su tayar da janareta kafin jinin da muka adana a firji ya lalace, sai wata iska mai zafi ta bugi fuskata. Na tsaya cak a bakin ƙofa. Ƙaurin ƙasar da rana ta gasa, da ɗacin bakin mai azumi, su suka ɗauke ni suka mayar da ni gida. Azumi yakan yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya bari, ga shi ya zagayo ya same ni da furfura.

Aikina tun ina saurayi guda ɗaya ne. Ina bin diddigin wata ƙwayar cuta, irin ƙananan nan da ake kira bairos, yadda take shiga hantar mutum ta yi kwanto shekara da shekaru, sannan ta juyar da hantar ta zama ciwon daji. Abokan aiki kan tambaye ni abin da ya sa na liƙe wa ƙwaya guda kamar kaska. Nakan ce musu sha'awa ce kawai, don ba kowa ake kwance wa ƙunshin gida ba. Maganar gaskiya a gidanmu na fara ganin aikinta, tun ban san sunanta ba.

Lokacin ba a ma yanke Jigawa daga Kano ba. Ƙauyenmu yana gabas da Kafin Hausa, gidanmu gidan malamai ne masu noma, kuma Baffa Malam, wan mahaifinmu, shi ne mai gida. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, cikinsa a kumbure, idonsa ruwan ɗorawa. Ƙaninsa ma haka ya tafi. Mutanen gari suna kiran abin ciwon mazan gidan Malam, wasu su ce sammu ne, wasu su ce baki aka yi wa gidan tun zamanin kakanni. A shekarar da nake magana ciwon ya kama Yaya Hamisu, wana, wanda ya riƙa sayar da gyaɗarsa yana tura ni makaranta.

Ni kuwa na gama digirin farko, ina koyon aiki a ɗakin gwajin jini a Kano. Kafin azumi na kai Yaya asibiti. Likitan ya tattaɓa cikinsa, ya kira ni gefe, ya ce in mayar da shi gida ya kwanta a gaban mahaifiyarsa. Na gwada jininsa da hannuna, ƙwayar tana nan. Na gwada nawa, ni ma tana nan. Na lallaɓi matarsa Asabe, wadda ta biyo mu jinya da tsohon ciki, ta ba ni ɗan jini kaɗan. Nata ya fito tas. Wato abin da ke cikinta lafiya zai sauko duniya, in dai ba a bi ta wata ƙofa aka sa masa ba. Da wannan tunani na shiga motar gida, a jajiberin azumi.

Daminar da ta wuce ta yi gardama. Gero ya fitar da kai ruwa ya ɗauke, dawa ta tsaya a gwiwa. Rumbunmu ya yi ƙasa tun kafin a ga wata, sai mutum ya dira ciki da ƙafarsa kafin ya miƙo dami. Inna, mahaifiyarmu, ta ajiye babbar ƙwaryar awo ta ɗauko ƙarama, ba ta ce wa kowa komai ba, kowa ya gani a akushi. Buɗa-baki kunun tsamiya ne tsararo, sai tuwon dawa da miyar kuka ba mai. Da sahur ɗumame, in ya ragu. Akwai wata gyaɗa da ta sha danshi ta yi funfuna a buhu, da ita ake yin ƙuli-ƙulin kwaɗon rama, don a shekarar ba a zubar da abin da ke shiga baki. Sai bayan shekaru na gane wannan funfunar ma hannu take ba wa ƙwayar a cikin hanta.

Rijiyar gari ta ja baya har sai da aka ƙara igiya. Guga in ya fito rabi ruwa ne rabi laka, a juye a randa a jira ya kwanta. Daga sallar asuba samarin gidan da na maƙwabta sukan ɗaure wa jakuna mangala, mu kwashi taki mu kai gonar Yaya kafin rana ta ɗaga, tunda mai gonar yana kwance. Mu share, mu tara kara mu sa wuta, mu dawo leɓuna a tsattsage. Hannuna da ya saba da biro ya kumbura ya fashe, Asabe ta samu abin tsokana. Wasan ƙanin miji da matar wa ne tsakaninmu, ni ina ce mata Amarya, ita tana ce mini Likita, ko da yake ko allura ban iya yi wa mutum da kyau ba. Daga hantsi zuwa la'asar kuwa garin yakan mutu. Ba ka jin motsin komai sai kukan kurciya, da nishin Yaya daga rumfar ƙofar ɗakinsa.

Mutum ɗaya ne ke ratsa wannan rana a ƙafa, shi ne Baba Wanzam. Tsoho ne siriri daga ƙauyen da ke kudu da mu, gadon wanzancin gidanmu yake tun daga ubansa. Bayan kwana biyu ko uku sai ga shi da zabirarsa a kafaɗa, da azumi a bakinsa, ya zo rage wa Yaya mugun jini. Yakan yi 'yan tsaga ƙanana a cikin da ya kumbura, ya kafa ƙaho, ya shafa magani, ya zauna yana yi masa hira har ya ga ya yi murmushi. Ko ƙwayar hatsi ba ya karɓa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka mugun mutum ne. A lokacin babu wanda ya fi shi wahala a kan Yaya, har da ni.

A cikin zabirar akwai asake da yawa, amma guda ɗaya a naɗe take daban cikin jar fata. Ita ce askar gidanmu. Uban Baba Wanzam ne ya ware ta don girmama kakanmu, ya ce ƙarfen da ya taɓa kan malami ba zai taɓa kan kowa da kowa ba. Tun daga nan ba ta aske bare. Da ita ake yi wa manyan gidan aski da ƙaho, kuma da ita ake yi wa duk jaririn da aka haifa askin suna, a ja masa tsagar gida, 'yan layuka uku-uku a gefen baki, irin waɗanda ke fuskata har yau. Alfahari muke yi da ita. Ana cewa albarkar uba ce take bin ƙarfen ta sauka a kan ɗa.

Ranar farko da na zauna na kalli aikin da idon wanda ya san jini, ban ɗauke ido daga askar ba. Baba Wanzam ya gama da Yaya, ya goge askar da wani tsumma, ya ɗan wasa ta a tafin hannunsa, ya naɗe ta. Na san ƙwayar nan tana iya kwanaki a busasshen ƙarfe ba ta mutu ba. Na san kuma babba in ya kamu sau da yawa jikinsa yakan kore ta, amma jariri in ta shige shi ta samu gida ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Allurar rigakafinta a lokacin labarinta kawai muke karantawa a takarda. Na ɗaga kai na hangi Asabe tana wucewa da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, watan haihuwa ya kusa.

Da Inna na fara. Ta saurare ni tana kaɗa miya, ta ce wannan ba maganar mata ba ce, in je wa Baffa. Na jira ya tashi daga tafsirin la'asar a gindin tsamiya, na durƙusa na yi masa bayani iya yadda Hausata ta kai. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya shafa gefen bakinsa.

"Habu, da wace aska aka ja mini waɗannan?"

"Da ita, Baffa."

"To ga ni na haura saba'in. Me ya sa ni ba ta kashe ni ba?"

Amsar wannan tambaya ita na kwashe rayuwata ina nema a ɗakunan bincike, kuma har yau rabinta na samu. Baffa ya ce ajali ba ya zama a zabira, ya ce karatun boko in bai koya wa yaro kunya ba to ya cuce shi, ya ɗauki buzunsa ya shige.

Na koma kan Baba Wanzam. Na roƙe shi ya bari a tafasa askar kafin ranar suna. Ya yi dariya ya ce ruwan zafi yana kashe kaifin ƙarfe, kuma shi ba naman miya yake ɗauke da shi ba. Na ce to a sa ta a wuta. Ya ce in bari in na gaji zabira sai in koya masa. Ni kuwa da ma ba a san ni da sanyin rai ba, ga yunwa ga rana. A cikin zaure, gaban mutane, na ce masa wanzami dai ba ya son jarfa, amma askar nan ita take ɗauke mazan gidan nan ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya dube ni ya ce da wannan hannun ya aske ni ina tsumman goyo. Kafin magariba Baffa ya yanke hukunci, daga ranar in wanzami yana aiki ƙafata ba za ta taka zauren ba.

Saura Asabe. Cikin fari ne, bisa al'ada gidan iyayenta a Taura ya kamata ta je ta haihu, amma ta ƙi barin mijinta. Sai dai 'yar fari ko ɗan fari uwa ba ta da baki a kansa. Ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi, ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗauka. Na same ta tana surfe a bayan rumbu, na faɗa mata komai ba wasa. Ba ta kalle ni ba.

"Ni ina ruwana, Likita? Ɗan masu gida ne."

Amma taɓaryar ta tsaya a hannunta, ta daɗe kafin ta sake saukar da ita.

A goman ƙarshe ta sauka, da tsakar rana, namiji. Gidan da ya manta da guɗa ya ji guɗa. Aiki kuma ya ninku, don wankan jego ba ya san fari ba. Muka koma jigilar ruwa safe da yamma, muna bin gonaki muna tono kututture saboda itace, Inna ta kwance ɗan geron da ta ɓoye na iri ta raba biyu don kunun kanwa. Ni kuwa kowace safiya in na ji kukan yaron daga ɗakin, sai in ji kamar ana ƙirga mini kwanaki. Baba Wanzam bai fasa zuwa wajen Yaya ba. Ina tsaye daga nesa ina ganin jar fatar nan tana buɗewa tana rufewa.

Ranar kasuwa na kama hanyar Kafin Hausa a ƙafa, na sayo reza sabuwa a takardarta. Ban san wanda zai yarda ya yi aiki da ita ba, na dai kasa zama haka. A dawowa yashi ya ƙone mini tafin ƙafa ta cikin takalmi, idona ya fara ganin duhu-duhu, na zube a gindin wani marke ina jin harshena kamar busasshiyar fata. Daga gabas hadari ya haɗo baƙi ƙirin, har na fara jin ƙanshin ruwa. Iska ta taso ta watsa shi, ko ɗigo bai sauka ba. A nan zaune na gane mutum ɗaya ne ya rage wanda zai iya hana wannan aski, kuma shi ne wanda gidan gaba ɗaya ya haɗu a kan ɓoye masa gaskiya. Yaya ciwon shawara aka ce masa yana yi, in ruwa ya sauka zai tashi.

Ana gobe suna, bayan la'asar, na zauna kusa da tabarmarsa. Cikin ya yi tsini yana sheƙi, duk sawun tsaga ne, ƙafafunsa kuwa sun zama kara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa masa abin da likitan Kano ya ce, na faɗa masa abin da na gani a jininsa, da abin da askar za ta ɗauka daga cikinsa ta kai fuskar ɗansa. Ina faɗa ina jin haushin kaina, ina jin haushin duk wanda ya bar mini wannan aiki.

"Wato ba tashi zan yi ba," in ji shi.

"Allah ne masani, Yaya. Amma yadda Baba ya tafi, hanyar ke nan."

"Kai fa?"

"Ni ma tana jikina."

Ya rufe ido. Can ya ce Asabe fa, na ce ita ba ta da ita, yaron ma yanzu ba shi da ita. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, sai na ji ya ce shi ba shi da wata dukiya da zai bar wa yaron, kuma yaron ba zai san fuskarsa ba. Tsagar nan kaɗai ce za a kalla a ce wannan ɗan Hamisu ne. Daga nan ya juya wa bango fuska. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba, ni kuma na tashi ina jin na kashe shi tun kafin ranarsa a banza.

Washegari bayan asuba mutane suka taru, aka raba ɗan goron da aka samu, liman ya raɗa wa yaro sunan mahaifinmu, shi ya sa muke kiransa Abba. Baba Wanzam ya yi sammako. Da yake Yaya ya kwana da ciwo, sai da ya fara shiga wajensa ya yi masa tsaga ya kafa ƙaho, sannan ya fito. Yaya ya ce lallai a fito da shi, samari biyu suka ɗauko shi suka jingina shi da bangon zaure. Ni ina waje, a bakin ƙofa, inda hukuncin Baffa ya tsayar da ni, reza a aljihu, gumi yana bin bayana tun rana ba ta fito ba.

Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta fito da jaririn a zani ta zauna ta miƙe ƙafa. Aka kawo ruwa a ƙwarya. Baba Wanzam ya jiƙa kan yaron, ya murza sabulu, yaron ya tsandara kuka. Ya kwance jar fatar. Daga inda nake ina hangen ƙarfen, da ɗan duhun da ya maƙale a gindinsa. Ya wasa ta a tafin hannu, gaba da baya. Na riga na ƙudura in ya sunkuya zan faɗa ciki in fizge yaron, a yi mini duk abin da za a yi. Ƙafata ɗaya har ta hau dokin ƙofa.

"Baba Wanzam, a bar shi."

Muryar Yaya ce, ba ta da ƙarfi, sai da ya maimaita. Tsohon ya tsaya da aska a sama. Baffa ya juya ya tambayi Yaya me za a bari, ya ce duka, askin da tsagar da cire belin. Baffa ya ce saboda me. Na ga Yaya ya kalli Baba Wanzam, mutumin da ya yi ta ratsa rana da azumi dominsa, ya kalli dattawan da suka cika zauren, ya sunkuyar da kai.

"Babu komai, Baffa. Na dai ce a bar shi. Ina da rai tukuna."

Babu wanda ya iya ja da wannan. Baba Wanzam ya goge askar da ba ta taɓa komai ba, ya naɗe ta a hankali, ya rataya zabira ya fita. Ya wuce ta gabana bai kalle ni ba, kuma bai tsaya karɓar kasonsa na naman suna ba. Inna ce ta aske kan yaron da rezata a tsakar gida, tana yi tana hawaye, don a ganinta yaron da ba a cire wa beli ba ba zai kai yaye ba. Ni kuwa na zaga bayan rumbu na durƙusa. Murna nake yi, na ɗauka an gama.

Kafin a sha ruwa magana ta gama gari. Yaya ya ƙi faɗin dalili ne don kada ya tozarta tsoho a gaban jama'a, ni na san haka. Amma mutanen gari ba su sani ba, kuma a wajensu dalili ɗaya ne ke sa uba ya hana a sa wa ɗa alamar gidansu. Aka fara ƙirga watanni a bakin rijiya, yaushe ya kwanta, yaushe ta samu ciki. Abin da ya yi don rufa wa mutum ɗaya asiri sai ya faɗa kan wadda ba ta da bakin kare kanta. Shi kuwa daga ranar sunan bai ƙara doguwar magana ba. Kwana kaɗan bayan Sallah muka kai shi, ƙasar kabarin tana ƙona hannu.

Na bi zaure-zaure ina bayani, na yi rantsuwa, na yi faɗa, har na kusa cin kwalar wani a bakin masallaci. Suka ce ɗan boko ne yake rufa wa gidansu asiri da Turanci. Asabe ta yi takabarta a ɗaki, ba mai shiga wajenta sai Inna. Ruwan farko ya sauka tana ciki, muka shuka gonar Yaya da rabin irin da ya rage, ya kuma yi kyau a shekarar. Da ta fita takaba iyayenta suka zo suka tafi da ita Taura da goyonta. A gidanmu ɗa ba ya tashi a wani gida, amma wannan karon babu wanda ya ce a dawo da shi in an yaye shi.

Daga baya na samu tafiya karatu ƙasar waje, na daɗe. A can na zauna da na'urori ina kallon yadda ƙwayar take ɗinka zarenta a cikin zaren halittar hanta, har hantar ta manta da lokacin da ya kamata ta daina tsiro. Askar gidanmu kuwa ta ci gaba da aikinta a kan 'ya'yan sauran 'yan uwa. Baffa ya rasu da tsufansa, ba da ciwon hanta ba. Da na dawo na roƙi gidan na ɗebi jinin kowa. Da yawa daga masu tsagar suna ɗauke da ita, manya da yara. Wasu mun binne su tun daga lokacin, wasu muna shan magani kullum, ni nawa da sahur nake haɗiyarsa a wannan wata. Yanzu jariri ranar da ya faɗo ake yi masa allura, jikan Baba Wanzam kuwa reza yake ɓarewa a gaban mai gida kafin ya fara aiki, ba wanda ya ga abin magana a ciki.

Taura na bari ƙarshe, don tsoro. Yaro ya kwana a gida ɗaya da mai ciwo, ya sha hannun mutanen gidan, kuma ban san asake nawa suka bi ta kansa bayan tafiyata ba. Na samu Abba ya zama ɗan saurayi, fuskarsa sumul, amma goshin da tafiyar duk na Yaya ne. Kakarsa ta wajen uwa ce ta ba ni labari a soro. Ta ce tun da suka dawo Asabe ba ta bari wanzami ya taɓa shi ba. Ita take aske shi da kanta, a ɗaki, da sabuwar reza, mutane suna cewa ba ta da kunyar ɗan fari. Da lokacin kaciya ya yi ta ɗauke shi a mota ta kai shi asibiti ita kaɗai. Maganar garinmu kuwa ta biyo ta har nan, manema biyu suka zo suka koma. Na ɗebi jinin yaron na tafi da shi, Asabe ko leƙowa ba ta yi ba.

Da na dawo na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai, maƙwabta mata biyu suna zaune. Na tsuguna na gaishe ta.

"Amarya, jinin Abba lafiya lau. Ba shi da ita."

Ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni ko na duba da kyau, na ce na duba, na sake dubawa, na kuma ba wani ya duba. Sai ta ajiye faifan a ƙasa.

"Duk shekarun nan, Likita, addu'a nake kada Allah ya kawo ka. Tsoro nake ka zo ka ce mini a banza na sha abin da na sha."

Abba yana raɓe a bakin soro yana jinmu. Ta yafito shi da hannu, ya zo yana noƙewa. A gabana, a gaban maƙwabtan, ta jawo shi ta zaunar a cinyarta, ƙato da shi, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu tana kuka, tana shafa gefen bakinsa inda babu komai.